Shekarar ɗalibi a jami'o'in Nijar: ranakun da ba sa motsi da waɗanda ke jan ƙafa

Duk mai ɗa ko ƙane a jami'a ya san tambayar "yaushe za ku koma?" ba ta da amsa ɗaya. A takarda, shekarar karatu tana buɗewa wajen watan Oktoba, ta rufe kafin damina ta yi nisa. A zahiri kuwa, cikin jami'a guda ana iya samun tsangayar da ke karɓar sababbin ɗalibai, ta kusa da ita tana jarrabawar shekarar da ta wuce. Don haka abubuwan da ke jiran ɗalibi kashi biyu ne. Akwai ranakun tunawa da bukukuwa waɗanda ba sa gusawa ko da me ake ciki, akwai kuma na karatu, waɗanda yajin aiki ko jinkirin kuɗi ko ambaliya ke iya turawa gaba da makonni.

Jami'o'in da ake magana a kansu

Uwar jami'o'in ƙasar ita ce ta Yamai, da ke Harobanda, ƙetaren kogin Kwara. Ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana da ya taɓa shugabantar ta. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda yau ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Musulunci da ke Say tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ne, kuma tafiyarta dabam ce.

Dukansu suna bin tsarin LMD: lisansi shekara 3, masta shekara 2, sannan digirin dakta. An raba shekara zango biyu, kowane zango yana da maki 30 na darussa da ake kira keredi, kuma sai ɗalibi ya tara 180 kafin ya karɓi lisansi. Wannan lissafi yana da amfani ga iyaye. Yaro na iya cewa ya wuce zuwa shekara ta biyu, alhali akwai bashin darasin shekarar farko a wuyansa.

Buɗe shekara

Bayan fitowar sakamakon bak, ana rarraba waɗanda suka ci zuwa jami'o'i da tsangayoyi, sai rajista ta biyo baya. A nan sabon ɗalibi ke haɗuwa da sunaye biyu da za su bi shi har ya gama. Na farko CROU, ofishin da ke kula da ɗakunan kwana da gidan abinci da motocin ɗalibai da ɗakin shan magani. Na biyu ANAB, hukumar da ke biyan bursi ga waɗanda suka cancanta, da tallafi ga wasu daga cikin waɗanda ba su samu ba. Bursi ana biyan shi ne wata uku-uku, kuma jinkirinsa shi ne mafarin yawancin hayaniyar da mutanen gari ke ji daga baya.

Ɗakuna ba sa isa, musamman a Yamai. Ɗakin da aka gina don mutum biyu yakan ɗauki fiye da haka, sauran kuma su kama haya a unguwa ko su raɓa wurin dangi. Wanda ke shirin tura yaro gara ya fara neman masauki tun kafin a kafe sunaye.

A makonnin farko ne ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya ke shirya ranar tarbar sababbi. Ƴan Madawa ko Tasawa ko Magarya ko Dogonduci, kowa da ƙungiyarsa. Su ke nuna wa baƙo inda ake kafe sanarwa da yadda ake sayen tikitin abinci, su kuma gaya masa malamin da ba ya son a shigo bayansa. Biki ne mai sauƙi, lemo da kiɗa da jawabi, amma yawanci daga nan ɗalibi ke samun wanda zai ara masa tsofaffin takardun darasi.

Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin hunturu, wasanni ke kankama. Ana gasar ƙwallon ƙafa tsakanin tsangayoyi, ana hutun 18 ga Disamba, ranar jamhuriya. In kuma kokowar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta faɗo garin da jami'a take, malami ya san ajinsa na yamma zai yi sauƙi.

9 ga Fabrairu

Babu ranar da ta kai wannan nauyi a kalandar ɗaliban Nijar. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin mulkin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito daga jami'a za su tsallaka gadar Kennedy zuwa cikin gari. Suna adawa ne da matakan tsuke bakin aljihu da aka shirya wa fannin ilimi da hannun Bankin Duniya. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan gadar, ɗalibai 3 suka rasu, da dama suka ji rauni. Fushin da ya biyo baya ya haɗa kan ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago, ya kuma taimaka wajen buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 aka yi babban taron ƙasa, da wakilan ɗalibai a zaune cikinsa, ƙarƙashin jagorancin André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke amsa sunansa yanzu.

Tun daga lokacin, ƙungiyar USN, wadda aka kafa a 1960 kuma ta haɗa ɗaliban kwaleji da lise da jami'a, take tunawa da ranar kowace shekara. Abin da aka saba gani shi ne rufe azuzuwa, addu'o'i, laccoci kan tarihin gwagwarmaya, da jerin gwano inda hukuma ta amince. Shugabannin ƙungiyar kan yi amfani da ranar su karanta jerin buƙatunsu, su kuma maimaita kiran a yi shari'ar kisan. Ba a Yamai kaɗai abin yake tsayawa ba. A Maraɗi da Damagaram da Tawa ma ƴan lise da ƴan kwaleji kan fito, shi ya sa masu shaguna a bakin manyan tituna ke sa ido a safiyar ranar.

Akwai wata rana da ɗaliban Yamai ke riƙe da ita, 10 ga Afrilun 2017, da wani ɗalibi ya rasa ransa a lokacin zanga-zangar neman gyaran yanayin karatu, aka kuma rufe harabar jami'ar na wasu kwanaki.

Taron gangami da zaɓe

Yawancin shawarwarin da ke canza kalanda ana yanke su ne a babban taron ɗalibai, wanda kowa ke kira AG. A Yamai ana yin shi a dandalin da ake kira Place AB, don tunawa da Amadou Boubacar, ɗalibin da ya rasu a 1983 zamanin Seyni Kountché. Nan ake jin rahoton tattaunawa da hukuma, nan kuma ake ɗaga hannu a amince da ƙaurace wa azuzuwa na awa 48 ko 72. AG ba ta da ranar da aka tsayar. Sanarwarta na iya fita da daddare a WhatsApp, da safe a tarar da amfi babu kowa.

Reshen USN na jami'ar Yamai shi ne UENUN, sauran jami'o'in ma kowace da reshenta. Zaɓen shugabannin reshe biki ne sosai, da kamfe da fastoci da muhawara, kuma ƴan siyasa na waje ba sa kawar da kai, domin da yawa daga manyan ƙasar nan daga wannan makaranta suka fito. Uwar ƙungiyar tana zaɓen magatakardanta a babban taronta na ƙasa. Akwai kuma sashen CASO, mai tsara layin gidan abinci da shiga motoci da zaman lafiyar ɗakunan kwana. Wasu na yaba masa da hana rikici, wasu na zarginsa da nuna ƙarfi. A farkon 2018 malaman jami'ar Yamai sun ajiye alli bisa zargin ƴan sashen da cin zarafin wani malami.

Su ma malaman suna da ƙungiyarsu, SNECS, kuma yajin aikinta yana tsayar da komai. Takaddamar 2018 zuwa 2019 kan ko zaɓen shugabannin jami'a za a ci gaba da yi ko gwamnati ce za ta naɗa su ta cinye makonni da yawa na karatu. Annobar korona ta zo ta ƙara rufe makarantu a Maris 2020. Irin wannan ne ke sa shekaru su hau kan juna, lisansin shekara 3 ya ci 4 ko fiye. Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1990 sun san abin da ya fi haka, wato farar shekara, wadda ake sokewa baki ɗaya.

Azumi, ranar mata da makon al'adu

A ƴan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN da takwarorinta kan shirya tafsiri da buɗa-baki na jama'a da musabaƙar karatun Alƙur'ani a masallatan jami'a, gidan abinci kuma ya sauya lokacinsa. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista suna da nasu tarukan wajen Kirsimeti da Ista.

Ɗalibai mata suna da ranaku biyu. Bayan 8 ga Maris ta duniya, akwai 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ta samo asali daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 don neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. A jami'a akan yi laccoci kan karatun ƴaƴa mata da lafiyar uwa, da anko na atamfar ranar.

Makon al'adu shi ne abin da mutanen gari suka fi shigowa kallo. Tsangaya ko ƙungiyar ƴan jiha ce ke shirya shi, galibi a zango na biyu. Ana baje tufafi da abinci, kilishi da kopto da dambu da fura, ana wasan kwaikwayo da gasar muhawara, wani lokaci har da kokowa. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana samun fili sosai: Bagobiri ya hau dandali ya yi wa Bazabarme tsiya, ɗaki ya ɗauki shewa. Akan haɗa da aikin gayya na share harabar jami'a da ba da jini kyauta. Kuɗin shiri daga karo-karo da taimakon tsofaffin ɗalibai da ƴan kasuwa yake fitowa, shi ya sa ranar da aka fara sanarwa ba kullum ita ce ranar da ake yi ba.

Jarrabawa da kare kundi

Kowane zango yana ƙarewa da jarrabawa, kuma ma'auni shi ne 10 cikin 20. Wanda bai kai ba yana da dama ta biyu, wadda ake kira ratirafaj. Jarrabawar zango na biyu takan haɗu da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, wuta kuma tana ɗaukewa. Ɗalibai da yawa a ƙarƙashin fitilun titi ko inuwar dogonyaro suke bitarsu.

Kare kundin masta ko na dakta a bainar jama'a ake yi, kowa na iya shiga ya zauna. Ɗalibi ya gabatar da bincikensa, alƙalai su yi masa tambayoyi, su keɓe su yi shawara, su dawo su faɗi sakamako kowa na tsaye. Ɗaliban likitanci suna ƙarawa da rantsuwar aiki. Ga iyalai da yawa wannan ita ce ranar da suke fara taka jami'a, sukan zo daga ƙauye da kulolin abinci da guɗa. Ranar ba ta tabbata sai alƙalan sun samu sarari, wani lokaci ma ana jiran farfesa daga Wagadugu ko Dakar, don haka bai kamata a sayi tikitin mota ba sai an ga sanarwa a kafe.

Damina

Da ruwa ya sauka, waɗanda suka gama jarrabawa kan koma gida, wasu gona, wasu kuma su buɗe darussan hutu kyauta ga ƴan firamare da kwaleji da sunan ƙungiyar garinsu. Ranar 3 ga Agusta ana dashen itatuwa, ɗalibai na cikin masu fitowa. Waɗanda tsangayarsu ke baya suna nan suna karatu har cikin Agusta don cike giɓi.

Ruwan ma yana da nasa hukunci a kan kalanda. A 2020 kogi ya cika ya shiga unguwannin Harobanda irin su Lamorde, maƙwabtan jami'ar Yamai, inda ɗalibai da yawa ke haya. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawar ƴan makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan, domin azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma waɗanda gidajensu suka faɗi ne ke zaune a ciki.