Kumfar Iskar da Ta Sauya Ɗakin Gwajin Jini

Kafin 1957, kusan duk jinin da aka ɗiba a asibiti sai ya bi ta hannun mutum daga farko har ƙarshe. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai zuƙi jinin da siririn bututun gilashi, sau da yawa da bakinsa, ya haɗa shi da sinadari, ya ɗumama, ya jira launi ya fito, sannan ya auna duhun launin ya yi lissafi da alƙalami. Hannu kuwa yakan gaji, ido yakan yi yaushi. A 1947 wasu masana biyu a Amurka, Belk da Sunderman, suka rarraba wa ɗakunan gwaji ruwa iri ɗaya wanda sun riga sun san abin da ke cikinsa, amsoshin da suka dawo suka yi hannun riga da juna. Wannan ciwon ne na'urar gwaji ta zo ta magance, kuma a ganina shi ne babban alherinta, fiye da saurin da ake yawan yabonta da shi.

Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Leonard Skeggs, masanin sinadaran jiki a asibitin tsoffin sojoji na birnin Cleveland. Dabararsa mai sauƙi ce: a tura samfuran jini ɗaya bayan ɗaya cikin siririn tiyo, ana cusa kumfar iska a tsakani. Kumfar tana yanka ruwan gunduwa-gunduwa tana share bangon tiyon, jinin wannan bai cika taɓa na wancan ba, kuma kowane samfuri yana samun sinadari ɗaya, zafi ɗaya, lokaci ɗaya. Kamfanin Technicon ya fito da ita kasuwa a 1957 da sunan AutoAnalyzer. Cikin shekarun 1960 aka kai ga SMA 12/60, mai yin gwaji 12 a kan samfuri 60 cikin awa guda. A ɓangaren ƙirga ƙwayoyin jini, Wallace Coulter ya yi rajistar tasa fasahar a 1953. A shekarun 1980 kuma Masahide Sasaki ya haɗa na'urori da bel mai jigilar kwalabe a Kochi ta ƙasar Jafan.

Masu suka suna cewa na'ura ta jawo yawan gwaji ba gaira ba dalili, kuma suna da hujja. Idan iyakar sakamakon da ake ɗauka na lafiya a kowane gwaji ta ƙunshi kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, to mai lafiyar da aka yi wa gwaji 12 yana da yiwuwar kusan kashi 46 a ga wani abu ya kauce. Sai dai laifin na mai rubuta takardar gwajin ne; na'ura abin da aka tambaye ta take amsawa. Masu cewa ta kori ma'aikata su ma sun manta cewa kwalbar da aka liƙa wa sunan wani, ko jinin da ya kwana cikin zafi, na'ura za ta auna shi tsaf ta ba da amsar ƙarya. Kuskure ya bar cikin tiyo ya koma gabansa da bayansa, inda sai ƙwararre ke iya kama shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda ta shafe mu. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin tarin fuka na GeneXpert a 2010, mai ba da amsa cikin kamar awa biyu, asibitocin Nijeriya da dama sun samu na'urar. Amma tana son wuta tsayayya, ɗaki mai sanyi, da kayan gwajin kamfaninta kaɗai. Don haka shugabannin asibitoci, kafin ku sa hannu a sayen kowace na'ura, ku fara tanadar kuɗin sinadarinta, wutarta da mai gyaranta.