Inda Wayar Lantarki Ta Tsaya: Tarihin Tafiyar Yini Guda a Motar Batir

A watan Agustan 1888, Bertha Benz ta bar birnin Mannheim na ƙasar Jamus da sassafe, tare da 'ya'yanta maza biyu, a motar mai ƙafa uku da mijinta Karl Benz ya ƙera. Ta nufi Pforzheim, tafiyar kimanin kilomita 106. Man da motar ke iya ɗauka kaɗan ne, kuma babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Da man ya yi ƙasa, sai ta tsaya a wani kantin magani a garin Wiesloch, ta sayi ligroin, wani ruwan mai da ake cire tabon tufafi da shi, ta zuba ta ci gaba. Ta isa bayan faɗuwar rana.

Wannan labarin motar fetur ne, amma yana haska tarihin motar lantarki. Fargabar ƙarewar makamashi a tsakiyar hanya ta dami motocin biyu tun farko. Abin da ya raba su shi ne wurin da matafiyi zai sake cikawa.

A farkon ƙarni na 20 motar lantarki ce ke gaba. A 1899 ɗan ƙasar Beljiyam Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya haura gudun kilomita 100 a sa'a a mota, kuma motarsa ta batir ce. A 1900 motocin lantarki da aka ƙera a Amurka sun fi na fetur yawa. Ba su da hayaƙi, ba su da ƙara, kuma ba sai an murɗa ƙarfe da hannu ba kafin su tashi. Kamfanin Detroit Electric, wanda ya fara ƙira a 1907, yana tallar cewa motarsa na cin mil 80, wato kusan kilomita 130, da caji ɗaya, a gudun da bai wuce kilomita 30 da 'yan kai a sa'a ba. Clara Ford, matar Henry Ford kansa, irin wannan motar take tuƙawa.

A cikin gari wannan ya wadatar. Matsalar tana farawa ne ranar da iyali suka yi niyyar fita bayan gari su dawo a yini guda. Dole mai mota ya raba nisan gida biyu, rabi na zuwa, rabi na dawowa, sannan ya rage wani abu saboda hawan tudu da taɓo, domin yawancin hanyoyin karkara na ƙasa ne a lokacin. Batirin dalma yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya cika, don haka yawanci da dare ake masa caji. Ko inda aka sami wuta, ba iri ɗaya ba ce: wasu garuruwa na ba da wutar DC wadda batir ke sha, wasu na ba da AC wadda sai an haɗa ta da na'urar juyawa. Mafi muni, karkara ba ta da wutar sam. Har zuwa 1935, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka. Shi kuwa fetur ana sayar da shi a gwangwani a kantunan ƙauye da suka daɗe suna sayar da kananzir, kuma direba na iya ɗaure galan a jikin motarsa.

An nemi mafita. A ƙarshen shekarun 1890 motocin haya na lantarki a birnin New York suna shiga gareji a sauke batirin da ya ƙare a ɗora cikakke. Daga 1910 zuwa 1924 kamfanin wuta na garin Hartford ya gudanar da irin wannan musaya ga motocin dakon kaya. Dabarar ta yi aiki ga motar da ke zagaye unguwanni ta koma masaukinta, ba ta taimaki mai zuwa wani gari ba. Ana cikin haka sai ga rijiyoyin man Texas daga 1901, ga motar Model T mai araha a 1908, ga kuma Cadillac a 1912 da na'urar tayar da inji ta lantarki wadda Charles Kettering ya ƙirƙira. Motar fetur ta rabu da babban aibinta, ta lantarki kuwa ta ci gaba da zama a ɗaure da gari.

Da ta dawo bayan kusan ƙarni guda, lissafin bai sauya sosai ba. Nissan Leaf ta 2010 tana cin kimanin kilomita 117 bisa awon hukumar kare muhalli ta Amurka, ƙasa da abin da Detroit Electric ta yi talla, ko da yake da gudu mai yawa. Sauyin gaske ya zo ne a 2012, lokacin da Tesla ta fara kafa tashoshin caji mai sauri a jihar California, da nufin haɗa birni da birni. Tun daga nan tsarin tafiyar yini guda ya koma zaɓen inda za a tsaya. Direbobi sun koyi cewa caji na raguwa da sauri idan batir ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari, don haka tsayawa biyu gajeru sukan fi guda mai tsawo. Sun koyi cewa gudu mai yawa da tsananin sanyi suna cinye nisa, kuma hikima ce a isa tasha da ragowar da za ta kai mutum ta gaba idan wannan ta lalace.

Wannan tarihi ya shafe mu. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Zaɓen hasken rana amsa ce ga matsalar da ta durƙusar da Detroit Electric, wato rashin wuta a inda ake buƙatarta. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, nisan da motocin yau da dama za su ci da caji ɗaya. Dawowa a ranar kuwa ya dogara ne ga samun tasha mai wuta a Kaduna ko Zariya a sa'ar da matafiyi ya iso.