Soja a Titin Gari: Darasin Gadarif Kan Kwantar da Tarzoma

Gabatarwa

Ranar 19 ga Disambar 2018 garin Atbara ya tashi saboda farashin burodi ya ninka sau uku, daga fam ɗaya zuwa fam uku. Washegari wutar ta isa Gadarif, hedikwatar jihar da ake wa kirari da rumbun abincin Sudan. Hukumomin birnin da kansu sun amsa cewa mutum shida sun mutu. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana fitar dare, aka damƙa tituna a hannun dakarun tsaro. Wata huɗu ba su cika ba gwamnatin Umar al-Bashir ta faɗi.

Tambayar da ke gaban wannan maƙala ita ce: shin ya dace hukuma ta fito da sojan ƙasa don ya kwantar da tarzoma a cikin gari, kuma idan ta fito da shi me ake girba? Matsayina shi ne soja na iya sa gari ya yi tsit, amma tsit daban, zaman lafiya daban. Duk lokacin da aka saba kiransa titi, 'yan sanda da kotu da shugabannin farar hula ne ke raunana, alhali su ne kaɗai ke iya riƙe gari bayan motocin yaƙi sun koma bariki.

Gari da mutanensa

Noma ne ya gina Gadarif. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a baƙar ƙasar yankin, dawa da riɗi suka zama arzikinsa, ƙwadagon gona kuma ya jawo mutane daga ko'ina: Larabawan Shukuriyya, Bani Amir, Nubawa, mutanen Darfur, Habashawa, Barebari, Fulani da Hausawa. Hausawa sun daɗe suna yada zango a nan kan hanyar aikin hajji, kwararowarsu ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Jikokinsu a yau manoma ne da 'yan kasuwa da malamai, haifaffun ƙasar. Gari irin wannan yana da jijiyoyi biyu masu saurin taɓuwa: tsadar rayuwa, da kuma tambayar wane ne ɗan ƙasa mai haƙƙin gona da sarauta. Daga nan ne tarzomarsa ke fitowa, kuma kowace da irin maganinta.

Tarzomar da ke tsakanin jama'a da hukuma

Boren 2018 yana da asali sananne. Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. A ƙarshen 2018 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari, ana layin burodi da na mai, bankuna kuma ba su da takardun kuɗi. A jihar noma wannan ya faɗo daidai lokacin kaka, lokacin da manomi ke buƙatar gas na tarakta da tsabar kuɗin sallamar 'yan ƙwadago. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da harsashi ke warwarewa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a irin wannan bore soja ba mai raba faɗa ba ne, ɓangare ne na faɗan. Ranar 23 ga Disamba shugabannin rundunar soja suka fito fili suka ce suna tare da al-Bashir. Ranar 22 ga Fabrairun 2019 aka kafa dokar ta-ɓaci a duk ƙasar, aka sauke gwamnonin jihohi, aka naɗa hafsoshin soja da na tsaro a madadinsu. Zanga-zanga ba ta tsaya ba. An riga an gwada wannan hanya a Satumbar 2013, lokacin da aka cire tallafin mai: ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙiyasta an kashe kusan mutum 200. Gari ya yi tsit, bayan shekara biyar fushin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Dokar ta-ɓaci tana da wata illar kuma. A Sudan ta wancan lokaci masu ɗaukar bindiga da sunan hukuma suna da yawa: 'yan sandan gari, 'yan sandan kwantar da tarzoma da ake kira Abu Ɗaira, jami'an leƙen asiri waɗanda dokar tsaro ta 2010 ta ba kariya daga tuhuma, rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF da aka kafa a 2013, sannan sojan ƙasa. Idan aka zuba su duka a titi ɗaya, uwar da aka kashe wa ɗa ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ƙarshen wannan ruɗani shi ne ranar 3 ga Yunin 2019, da aka tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum, aka kashe mutum fiye da ɗari bisa ƙidayar ƙungiyar likitoci, kuma har yau ba a hukunta waɗanda suka ba da umurni ba.

Tarzomar da ke tsakanin jama'a da jama'a

Iri na biyu ya fi wuyar hukunci. A Mayun 2019 faɗa ya ɓarke a Gadarif tsakanin Nubawa da Bani Amir, aka rasa rayuka, a watan Agusta kuma irinsa ya tashi a Bur Sudan. A Yulin 2022, a jihar Nilul Azrak, taƙaddama kan buƙatar Hausawa ta samun sarautar gargajiya ta rikiɗe zuwa kisa tsakaninsu da maƙwabtansu, mutum fiye da ɗari suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a jihar Gadarif da Kasala da Wad Madani da Khartum, a Kasala har aka ƙona ofisoshin gwamnati da shaguna. An tura soja da RSF zuwa Nilul Azrak, an hana fitar dare. A watan Oktoba faɗan ya dawo a Wad al-Mahi, aka kashe kusan mutum 200.

A lura da lokacin. Rikicin Nilul Azrak ya faru bayan juyin mulkin Janar Abdulfattah al-Burhan na 25 ga Oktoban 2021, wato lokacin da mulki gaba ɗaya yake hannun soja, babu majalisa ko firayim minista da zai ɗaure masa hannu. Da yawan soja ne ke kawo tsaro, da wannan ne lokacin da talaka zai fi kwana da ido biyu rufe. Abin da aka rasa shi ne hukumar da za ta yanke hukunci kan ƙasa da sarauta kafin a zare makami, da kotun da za ta hukunta masu kisan Yuli kafin Oktoba ta zo.

Hujjar masu kiran soja

Bai kamata a raina hujjar ɗaya ɓangaren ba. Wanda ake ƙona wa gida ba ya tambayar sashen tsarin mulki, agaji yake nema daga duk mai iya kawo shi. Akwai ranar da 'yan sanda ke kasawa. A Kano, a Disambar 1980, mabiya Maitatsine sun fi ƙarfin 'yan sanda, sai da gwamnatin Shehu Shagari ta turo soja. Amma mutum fiye da dubu huɗu suka mutu, fitinar kuma ta sake ɓullowa a Bulunkutu da Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. A Zariya kuwa, a Disambar 2015, kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya tabbatar da kashe mutum fiye da 340 a hannun soja. Dalili a fili yake: soja an horar da shi ya murƙushe abokin gaba, ɗan sanda kuma ya kama wanda ake tuhuma da rai ya kai shi gaban alƙali.

Sudaniyawa suna da wata hujja daga tarihinsu. A Oktoban 1964 matsin titi da ƙin wasu hafsoshi na ci gaba da harbi suka kawo ƙarshen mulkin Ibrahim Abbud. A Afrilun 1985 Janar Suwar al-Zahab ya kifar da Ja'afar Numairi a tsakiyar bore. A Afrilun 2019 ƙananan sojoji sun kare masu zaman dirshan daga jami'an leƙen asiri. Duk gaskiya ne. Sai dai a duba abin da ya biyo baya: Numairi ya ƙwace mulki a 1969, al-Bashir a 1989, al-Burhan a 2021. Rundunar da aka koya wa cewa ita ce alƙalin titi ba ta daɗewa take ɗaukar kanta alƙalin ƙasa, kuma ba a ba kura ajiyar nama.

Sharuɗɗan da ba makawa

Don haka ban ce kada a taɓa fito da soja ba. Na ce a ɗaure fitowarsa da sharuɗɗa huɗu. Na farko, kada a kira shi kan masu zanga-zangar da ke ƙorafi da hukuma, sai inda ake kisan jama'a da makamai kuma 'yan sanda sun gaza. Na biyu, umurnin ya fito a rubuce daga shugaban farar hula, da wa'adi na kwanaki, majalisa ce kaɗai za ta iya tsawaita shi. Na uku, aikinsa ya tsaya ga raba masu faɗa da tsare asibiti, tashar ruwa da kasuwa. Kamu da bincike na 'yan sanda ne, shari'a ta kotun farar hula ce. Na huɗu, duk ran da ya salwanta a bincika shi a fili, ba tare da kariyar doka ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kan amfani da ƙarfi sun hana harbin kisa sai don ceton rai, kuma sun shafi sojan da ke aikin ɗan sanda. Yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Sudan ta shiga a 1986, ba ta yarda a jingine haƙƙin rayuwa ko a azabtar da mutum ba, ko da a dokar ta-ɓaci.

Sudan ta nuna tana iya wannan. Malamin makaranta Ahmad al-Khair na Khashm al-Girba, garin da ke kan hanyar Gadarif zuwa Kasala, ya mutu a hannun jami'an leƙen asiri a Fabrairun 2019, a Disambar shekarar kotu ta yanke wa fiye da ashirin daga cikinsu hukuncin kisa. Faɗan Bur Sudan ma sulhun gargajiya na dattawan ƙabilu ne ya lafar da shi a Satumbar 2019, bayan dokar ta-ɓaci ta yi nata ta gaji.

Kammalawa

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, Gadarif ta zama mafakar dubban ɗaruruwan masu gudun hijira daga Khartum da Jazira da Sinnar, kuma mutanenta da yawa suna ganin soja a matsayin garkuwarsu. A fagen yaƙi wannan aikinsa ne, ba mai musu. Hatsarin shi ne a fito daga yaƙi da ɗabi'ar yaƙi: shingen bincike a kowace unguwa, bindiga a hannun matasan sa-kai, da tuhumar mutum saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito. Hausawan Gadarif, waɗanda a 2008 suka fito titi don kare matsayinsu na 'yan ƙasa, sun fi kowa sanin inda irin wannan tuhuma ke kaiwa. Abin da ya kamata su nema, tare da maƙwabtansu, shi ne lambar ɗan ƙasa ba tare da wulaƙanci ba, takardar gona da kotu za ta mutunta, 'yan sandan da aka ɗauka daga dukkan al'ummomin jihar, da doka rubutacciya mai faɗin ranar da soja zai shiga gari da ranar da dole ya fita.