Fitilar Mota a Hanyar Assamakka: Daga Ruwan Ɗorawa zuwa Farin Haske

A shekarun 1970 da 1980, wanda ya tsaya a Assamakka bayan magariba ya fuskanci arewa, yana iya cankar ƙasar da mota ta fito tun tana nesa, kafin ma ƙarar injinta ta iso kunnensa. In hasken fari ne, galibi Bajamushe ne ko ɗan Holan. In kuwa mai ruwan ɗorawa ne, to motar Faransa ce. Ba ado ba ne, doka ce. A watan Nuwamba na 1936 gwamnatin Faransa ta wajabta wa motocin ƙasarta fitila rawaya, kuma ba ta janye ba sai farkon 1993. Fiye da shekara hamsin ke nan duk Peugeot, Renault da Berliet da aka yi wa rajista a can suna yawo da wannan launi, har cikin Sahara.

Assamakka ba babban gari ba ne. A wancan lokaci rijiya ce da ofishin duwan da na jandarmomi a kan fili fetal, kilomita 15 daga layin iyakar Aljeriya, Arlit kuma tana kudu maso gabas da nisan kilomita kamar 200. Amma mota ta daɗe da sanin wannan yanki. Tun shekarun 1930 kamfanin sufuri na SATT, wanda Georges Estienne ya kafa, yake jigilar fasinja da wasiƙu daga birnin Aljas ta Tamanrasset da In Gezzam, ya ratsa Agadas da Damagaram har Kano. Direbobin hamada sun gane abu guda tun da wuri: rairayi ya fi ɗaukar nauyin taya da sanyin dare da asubahi, inji ma ba ya tafasa. Da tsakar rana kuwa yashi ya saki, ruwan lagireto ya ƙone. Saboda haka tafiyar duhu ta zama dole, kuma a hanyar da babu kwalta, alamarta kawai gangunan ƙarfe da sanduna da aka kakkafa nesa da juna, wanda fitilarsa ba ta kai ga alama ta gaba ba ya shiga uku.

Sai ga yuraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin Arlit ya tashi a gefensa, aka fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ta biyo baya a Akokan, ta fara aiki a 1978. A lokacin, komai na waɗannan garuruwa a bayan kamyo yake zuwa, daga siminti da man gas har farar wutar da ake sarrafa ma'adinin da ita, shi ma ma'adinin a kamyo yake tafiya kudu zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyom. Inda manyan motoci suka taru kuwa, can makanikai da masu gyaran wayar mota suke taruwa. Kuɗi ya shigo hannun ma'aikata, kowa yana son mota.

Turawa matasa suka hango kasuwa. Mutum ya sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504 a Faransa da araha, ya hau jirgin ruwa zuwa Aljeriya, ya tuƙo ta Tamanrasset, in ya tsira daga rairayin Laouni inda gawarwakin motoci suke zube, ya buga hatimi a Assamakka, ya sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, ya koma gida a jirgin sama da kuɗin. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ita ma ta sauko daga Tamanrasset zuwa Agadas, mutanen yankin suka ga motoci da jerin manyan fitilu na ƙari a goshi, irin na kamfanonin Cibié da Marchal. Fataucin tsofaffin motocin kuwa ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, tawaye kuma ya tashi a arewacin Nijar. Kusan lokaci guda da mutuwar dokar rawaya a Faransa.

Ƙwan da ke cikin yawancin tsofaffin motocin nan shi ne wanda ake kira R2, mai wat 45 a babban haske da 40 a ƙarami. A titin Paris mai fitilun gefen hanya ya wadatar. Tsakanin Assamakka da Arlit kuwa bai taka kara ya karya ba, ga shi launin rawayan ma yana ɗan rage hasken. Magani ya zo da ƙwan halojin, wanda aka fara sa wa motocin Turai a 1962 da samfurin H1, sannan H4 mai zare biyu ya fito a 1971, wat 60 da 55. Dabararsa ita ce iskar da ke cikin ƙwan tana mayar da ƙarfen da ya ƙone kan zaren, sai zaren ya jure zafi mai yawa, haske ya ƙaru, ƙwan bai yi baƙi ba. Gindin H4 ba ya shiga mazaunin R2, amma masana'antu suka ƙera halojin mai tsohon gindi, aka riƙa cusa shi a tsofaffin fitilu. Masu Land Rover da tsohuwar Land Cruiser nasu ciwon kan daban ne: da yawansu fitilarsu a liƙe take gaba ɗaya, irin tsarin da Amurka ta wajabta a 1940, zare ya tsinke sai a yar da fitilar dukkanta. Mai wayo sai ya musanya ta da wadda ake buɗe bayanta a sauya ƙwai, ya ajiye biyu ko uku a aljihun gaban mota.

Tun a lokacin aka fara wuce gona da iri. Akwai H4 mai wat 100, wanda aka yi don motocin gasa, direbobi suka ƙwallafa rai a kansa. Wayar mota da makunninta ba a yi su don wannan nauyi ba. In ba a sa rile da waya mai kauri ba, soket ya narke, wani lokaci hasken ya ɗauke ɗungurungum ana tsakiyar gudu. Yaron gareji kuma darasinsa na farko shi ne kada ya kama gilashin halojin da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙwan ya mutu da wuri.

Duk wannan zamani murfin fitila gilashi ne. Rana ba ta yi masa komai. Abokan gabarsa biyu ne: tsakuwar da tayar kamyo ke harbowa, da iskar rairayi da ke tsattsaga fuskarsa a hankali har ya dushe. Shi ya sa ake ɗaura masa ragar ƙarfe, wasu kuma su liƙa kwali ko tsumma a kansa da rana in guguwa ta taso. In ya dushe ko ya fashe, babu gyara sai sauyi.

Roba ce ta sauya labarin. An gano folikabonet a 1953, a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka kusan a tare. Amurka ta fara yarda da murfin fitila na wannan roba a motocin 1984, Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990. Ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta fasa ta da sauƙi, ana kuma iya lanƙwasa ta yadda mai zanen mota yake so. Aibinta ɗaya: ba ta shiri da rana. Don haka ake shafa mata wani siririn fenti garai-garai a masana'anta, mai tare hasken da ke cin roba. A Jamus wannan shafi yana iya shekaru masu yawa. A Arlit rairayi ya kankare shi, rana ta gasa abin da ya rage, robar ta yi rawaya ta yi hazo, tamkar yanar ido ga tsoho. Motocin da ake saukewa a Kwatano ma da yawansu sun riga sun sha shekara goma a Turai ko Amurka, murfin ya fara gajiya tun kafin su ga Sahara. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu cewa wanda ya dushe sosai ba ya fitar da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken sabo. Rawayar da Faransa ta soke da doka, rana ta dawo da ita kyauta, sai dai wannan ba ta haska komai.

Toyota Land Cruiser jerin 70, wadda ta fito a 1984 kuma ta zama dokin hamada, ta riƙe zagayayyen gilashinta har 2007. Hilux ta riga ta komawa roba.

Daga nan wata ƙaramar sana'a ta samu gindin zama a gareji da wuraren wankin mota. Na gaggawa shi ne a goga man goge baki, ko a shafa baƙin mai ko man birki. Murfin ya yi sheƙi nan take, mai mota ya biya yana murna, bayan kwana kaɗan hazon ya dawo, man birki ma cin robar yake yi. Aikin gaskiya yana son haƙuri. A zagaye fentin mota da salatif, a jiƙa samfefa, a fara da mai ɗan kaushi kamar lamba 600 ko 800 har rawayan ya fita, ruwan da ke zuba ya koma fari. A wannan mataki murfin ya fi da muni, kuma nan ne mai mota kan fara zargin an ɓata masa kaya. Sai a bi da 1000, 1500, 2000, har 3000, kowace tana share zanen wadda ta gabace ta, sannan a goge da man sheƙi. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda shi ne mai tsada: sabon shafin da ke tare rana. Robar da aka kankare aka bar ta tsirara, a ranar Arlit, cikin 'yan watanni za ta koma gidan jiya.

Sai dai mafi yawan masu mota ba ta murfi suke farawa ba, ta ƙwai suke farawa. Fitilar zenon ta fito a BMW a 1991, ta LED kuma a Lexus a 2007, yau ga ƙwayayen LED na Sin masu gindin H4 a shagunan kayan mota. Suna da fari tas, ba sa shan batir sosai. Amma madubin da ke cikin fitilar halojin an auna shi ne da ɗan siririn zare da ke zaune a wuri guda. Aka sa abin da haskensa ke fita daga wani gurbi daban, sai hasken ya warwatsu, ya cika idon mai tahowa, hanya kuma ta samu kaɗan. In murfin ya dushe abin ya ninka. A cikin ƙurar hunturu farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi dawowa yake yi fuskar direba, abin da ya sa wasu tsofaffin direbobi har yanzu suke neman rawayar fitilar hazo. Ga kuma 'yar fankar da ke bayan ƙwan don sanyaya shi, wadda ƙura ke toshewa, zafi ya kashe shi.

Akwai ma shekarun da fitila mai ƙarfi ta zama abin gudu ga wasu. Bayan dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, direbobi da yawa suka bar sanannun hanyoyi suka shiga daji don kauce wa sintiri, kuma a filin da ake hango haske daga nisan kilomita masu yawa, kunna fitila tona asiri ne. An soke dokar a Nuwamba 2023.

Abin da ya fi araha a cikin duk gyare-gyaren nan shi ne aka fi mantawa, wato saiti. Hilux da ta ɗauko gangunan mai, buhunan taliya da madarar Aljeriya, ga fasinja a sama, bayanta ya zauna, goshinta ya ɗaga, hasken ya tafi sama ko da ƙwan na jiya ne. Kowace fitila tana da kusoshin saiti a bayanta. Ana tsayar da motar a wuri mai daidai, da lodinta, ta fuskanci bango daga 'yan mitoci, a juya kusa har layin ƙaramin haske ya sauka ƙasa da tsayin fitilar kaɗan. Aikin minti goma ne da sukundireba, kuma sai an sake shi in an sauke kaya a Arlit za a koma Assamakka babu lodi.