Yadda Kano ta samu tafkunanta: daga kududdufi zuwa Tiga

In ka tsaya a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ka ce wa mutum rayuwarsa a ɗaure take da tafki, dariya zai yi maka. Ina tafkin? Abin da ido ke gani shi ne kwalta da shaguna da A Daidaita Sahu, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma wannan titin Zariya da ya ratsa unguwar, in ka bi shi kudu tafiyar kimanin kilomita 70, zai kai ka yankin Tiga, inda ake da masunta da kwale-kwale da kasuwar kifi. Abin lura kuma, shekara 60 da suka wuce babu wannan ruwan sam. Mutum ne ya yi shi.

Kafin madatsun ruwa

Ƙasar Kano ba ta da babban tafki na asali. Ruwan sama yana zuba ne a wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Koguna irin su Kogin Kano da Challawa da Watari sukan cika su tumbatsa da damina, da rani kuma su koma rairayi, sai an tona ake samun ruwa.

To da me birni ya dogara? Da rijiyoyi da kududdufai. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, da gidajen tubali na cikin birni, duk da jar ƙasa aka gina su. Inda aka haƙi ƙasar sai ya zama rami, damina ta cika shi. Kududdufi kenan. A nan ake shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasar gini, a yi wanki, yara su koyi iyo su yi fatsa. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin ruwan Jakara da ke kwance a tsakiyar gari, daf da Kasuwar Kurmi.

Kududdufi yana da wani aikin da ba a cika lura da shi ba. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ne ke karɓar rarar, ya riƙe ta, ta riƙa tsattsafewa cikin ƙasa a hankali tana ciyar da rijiyoyin unguwa. Wato ma'ajiya ce kuma matsera. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Audu Bako da zamanin dam

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya ɗauki maganar ruwa da muhimmanci. Dabarar mai sauƙin faɗa ce: a tare ruwan damina kafin ya wuce, a yi amfani da shi da rani. Aka fara da Bagauda, wadda aka kammala wajen 1970. Sai babbar, Tiga, a kan Kogin Kano, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974. A daidai wannan lokacin ne fari ya addabi yankin Sahel, dabbobi suka yi ta mutuwa, don haka ba wanda ya tsaya tambayar amfanin aikin.

Tafkin Tiga ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Bayansa aka yi Watari a Bagwai, da Wasai a kan Jakara, da wasu ƙanana da dama. Ta Challawa, a yankin Ƙaraye, ta kammalu a 1992. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya manyan madatsun suka koma hannunta.

Ba a yi wannan a ɓagas ba. Gonaki da ƙauyuka sun nutse, an tashi mutane an sake musu matsuguni. Manomin gero da dawa ya wayi gari ga ruwa a ƙofar gidansa, ga masunta baƙi sun fara sauka daga wasu sassan ƙasar da tarunansu. Wasu 'yan garin suka koyi su, wasu suka zama dillalan kifi, mata suka kama banda da suya. Masu hannu da shuni na birni kuwa suka samu wurin shaƙatawa a Otal ɗin Tafkin Bagauda, wanda yau ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi.

Shekara a bakin ruwa

Mazaunin bakin dam da tsayin ruwa yake lissafin shekararsa. Da damina tafki yana hawa ya shiga ciyayin gefe. A nan ƙarfasa da tarwaɗa ke samun abinci da wurin hayayyafa, shi ya sa masana ke jan kunne kan taru mai ƙananan idanu a wannan lokaci: wanda ya kwashe 'ya'yan kifi a Agusta, kamun baɗi ya cinye.

Da kaka ruwa ya kai ƙarshen cikarsa, sai ya fara ja. Gefen da ya bari yana da laima da taki, nan da nan a dasa kayan lambu. Da hunturu aikin ya fi wuya. Masunci zai shiga ruwa tun asuba cikin sanyi da hazo, ga iska tana tayar da igiyar da ke jijjiga kwale-kwale. Amma a lokacin ne noman rani ke kankama a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda magudanan Tiga ke kai ruwa gonakin alkama da tumatur da albasa, shinkafa kuma ta biyo baya. Tumatur ɗin da ake lodi a Kwanar Gafan, ta titin Zariya yake shigowa gari.

Da bazara sai rana ta karɓi nata kason. A yanayi irin na Kano, buɗaɗɗen ruwa kan yi asarar abin da ya kusa mita 2 a shekara ta hanyar tururi, fiye da ninki biyu na ruwan saman da ke sauka. Tafki mai faɗi ba zurfi, kamar faranti ne aka ajiye a rana.

Ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa kuma shi ne matatun Tamburawa da Challawa ke tacewa su turo birni. Duk ranar da famfo ya kawo a Tarauni, ruwan da masuncin Tiga ya yi tuƙi a kai ne.

Farashin da aka biya

A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda ta ɓalle, ta share gidaje da gonaki, aka yi asarar rayuka. Daga baya aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga don kada a maimaita.

Akwai kuma ciwo. Ruwa mai tafiya a hankali a magudanai gida ne ga dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ga sauro. Yaran da ke wanka a ciki su suka fi kamuwa.

Sannan ga sufuri. Ƙauyukan da da ƙafa ake zuwa tsakaninsu, tafki ya raba su, kwale-kwale ya zama motar haya. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin da ya ɗauko fasinjoji daga Badau zuwa Bagwai ya kife a tafkin Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Lodi ya wuce ƙima, rigar kariya babu. Allah Ya ji ƙansu. Ruwan ya zo, amma dokokin zama da shi ba su biyo shi da sauri ba.

Mafi girman farashin, can ƙasa aka biya shi. Ruwan da Tiga ta tare, da can yakan gangara Kogin Haɗeja ya malale fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara. Da wannan ambaliyar ake noman shinkafa, ake su, ake kiwo. Da aka daidaita gudun kogin, ambaliyar ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, yanayin da ciyawar kacala ke so kenan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana jirage wucewa. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990, suka gano cewa abin da fadamun ke samarwa daga kowace kubik mita ta ruwa ya fi na noman ranin da aka karkatar da ruwan dominsa.

Mu koma kan kududdufi

Gyadi-Gyadi da Tarauni bayan ganuwa suke. Sun cika ne bayan Kano ta zama babban birnin jiha, lokacin da bulo da siminti suka maye gurbin tubali. Ba a buƙatar ramin ƙasa kuma, fili kuwa ya yi tsada. Sai aka shiga cike kududdufan Kano da shara ana yanka filaye, ciki da wajen birni.

Amma ruwan sama bai san an sayar da wurin ba. Rufin kwano da kwalta ba sa shan ruwa, duk abin da ya zubo kwata yake nufa, kwatar kuma cike take da leda. Shi ya sa ruwan awa ɗaya a Agusta ke iya mayar da titi kogi, ya shiga shaguna da ɗakuna. Da rani kuma rijiyoyi su ƙafe, a koma jiran 'yan garuwa, domin hanyar da ruwa ke bi ya sauka ƙasa an liƙe ta.

Cikin shekara 50, Kano ta gina manyan tafkuna a nesa ta cike ƙananan da ke kusa. Sauran kududdufan da suka rage, in an yashe su, an killace su, an hana zuba shara da yankan fili, za su ci gaba da aikin da suka yi wa birnin ɗaruruwan shekaru. Gina sabuwar kwatar da za ta ɗauki ruwan da kududdufi ɗaya ke shanyewa kuɗi ne mai yawa. Barinsa a inda yake kuwa, sa hannun hukuma da idon mutanen unguwa kawai yake buƙata.