Riruwai, Garin da Ya Riga Bature Sanin Kuza

Ka tambayi ɗan boko a ofisoshin Wuse, nan Abuja, inda aka fara aikin kuza a ƙasar nan, zai ce maka Jos, kuma wai Turawa ne suka gano ta. Wannan magana tana yi mini ciwo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Riruwai tana can ƙuryar kudancin Jihar Kano, bayan dajin Falgore, cikin duwatsu, kuma ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa. Tun Bature bai san hanyar Filato ba mutanenta ke ɗibar yashin rafi a ƙwarya, su yi ta rairaya har baƙar kuza ta kwanta a ƙasa don nauyinta. Sai a haɗa ta da gawayi a murhun yumɓu, a kama zugazugi. In ta narke a kwarara ta cikin siraran ramukan da aka huda da tsinken ciyawa a jiƙaƙƙiyar toka, ta fito tsinke-tsinke tana ƙyalli. Ita ce dalmar da fatake ke ɗaurewa dami-dami su kai wa maƙeran fari a Kano da ƙasar Nufe.

A ƙarni na 19 hare-haren Ningawa suka tarwatsa garin. Masu narkar da dalma suka yi hijira ƙasar Bauci, suka kafa Riruwan Dalma. A nan ne wasu ke tuntuɓe, su ɗauka ta Bauci ce uwa. Sunan kansa ya isa shaida: daga gida suka tafi da shi. Tsinkayen dalmar nan su ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a kasuwannin Binuwai, suka bi sawu har ɗaya daga cikinsu, Henry Laws, ya hau Filato a 1903. Ba a jima ba aka kashe murhunan gargajiya, jikokin masu sana'a suka koma leburorin kamfani.

Riruwai ta Kano ta sake tashi lokacin da aka haƙa babban rami ƙarƙashin dutse ana bin jijiyar kuza da tutiya, ma'aikata suka zo daga kowace kusurwa. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan a 1985, aiki ya mutu.

Yau injuna sun yi tsatsa, ruwa ya cika ramin. Samarinmu ne ke shiga tsofaffin ramuka da diga da shebur, ba hular kwano, wani lokaci ƙasa ta rufta da su, dillalai kuwa su saye abin da suka samo da arha su wuce da shi Jos.