Yaushe masu ƙidayar kati ke tashi daga teburin caca?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan karta a majalisun Tudun Wadar Zariya ya san cewa gwanin wasa shi ne mai riƙe katunan da suka fita a kansa.

A gidajen caca na Amurka, wannan dabara ta zama ilimi mai zaman kansa a wasan da ake kira blackjack, kuma babban darasinta shi ne sanin lokacin tashi.

Yadda wasan yake

Ɗan wasa na karawa ne da mai rabon kati na gidan caca. Wanda jimillar katunansa ta fi kusa da 21, ba tare da ta zarce ba, shi ne ya ci.

Ko da mutum ya ƙware, gidan ne ke da rinjaye da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Sai dai katin da ya fita ba ya komawa sai an sake cuɗawa. Saboda haka abin da ya wuce yana sauya abin da zai zo.

Wani masanin lissafi, Edward Thorp, shi ne ya tabbatar da hakan da taimakon kwamfuta, a littafinsa Beat the Dealer na shekarar 1962.

A tsarin da ya fi shahara, idan ƙaramin kati daga 2 zuwa 6 ya fita, mai ƙidaya zai ƙara ɗaya a zuciyarsa. Idan babba ne, wato mai darajar 10 ko kuma katin A, sai ya rage ɗaya. Katunan 7 zuwa 9 ba a lissafa su.

Daga nan sai ya raba adadin da yawan kwalayen kartar da suka rage, kowane kwali mai kati 52. Idan sakamakon ya yi sama, manyan katuna sun fi yawa a ragowar, kuma rinjaye ya koma hannun ɗan wasa.

Dalilan tashi

Dalili na farko shi ne faɗuwar lissafi. Da zarar ya yi ƙasa da sifili, manyan katuna sun riga sun fita, don haka ci gaba da zama asara ce. Marubucin nan Stanford Wong ya yi suna da dabarar tsayawa a gefe ana ƙidaya, ba a zama sai lissafi ya yi kyau.

Na biyu shi ne sauyin ƙa'ida. Idan mai rabo ya fara cuɗa katunan da wuri, ko aka kawo na'urar da ke cuɗawa babu tsayawa, ƙidaya ta rasa amfani.

Na uku shi ne idon masu gida. Ƙidaya da ka ba laifi ba ce a dokar Amurka, amma gidajen cacar jihar Nevada na da ikon hana mutum wasa. A jihar New Jersey kuwa, kotun ƙolin jihar ta hana korar masu ƙidaya a shari'ar Ken Uston ta shekarar 1982.

Na huɗu shi ne gajiya, domin kuskure kaɗan kan cinye rinjayen, wanda bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Abin lura shi ne, ci ko asara ba sa cikin dalilan. A wajen masana lissafi, kati bai san wanda ya yi asara ɗazu ba, balle ya rama masa.

Halin da ake ciki a gida

Cacar da ta fi yaɗuwa tsakanin matasan Najeriya ita ce ta ƙwallon ƙafa, inda kamfani ke sanya ribarsa cikin farashin tun farko, kuma babu ragowar katin da za a ƙidaya. Wanda ya zauna don ya fanshe asararsa, ƙara damar kamfani yake yi.

Addinin Musulunci ya haramta caca, kamar yadda ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma a shekarar 2024 hukumar Hisba ta jihar Kano ta rufe wasu shagunan cacar ƙwallo.